Man da ke tafasa tun jirgi bai bar ƙasa ba

Direbobin da suka yi zamani da Peugeot 504 a hanyar Maraɗi zuwa Tsibiri ba sa rabuwa da tsumma da galan ɗin ruwa in bazara ta kama. A tsaya a sauke fasinja, a zo tashi, mota ta yi tari biyu ta mutu. Ga mai a tanki, ga wuta a fulogi. Sai direba ya ɗaga bonet, ya jiƙa tsumma sharkaf, ya naɗe famfon mai, ya koma inuwa. Jim kaɗan ya murza makulli, ta ɗauka. Bai gyara komai ba, man da ya tafasa a tiyo ne ya huce.

Wannan cuta ce ke kashe injin ƙaramin jirgin sama, musamman wanda mutum ya haɗa da hannunsa, kuma can sama babu gefen hanya. Masu wannan sha'awa ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibi a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic, ya ɗaga shi kamar mita 2. A Kaduna kuma an harhaɗa wa sojan saman Najeriya jirage 60 na koyon tuƙi masu suna Air Beetle, waɗanda asalinsu RV-6A ne, jirgin da kamfanin Van's na Amurka ya riƙa sayarwa gunduwa-gunduwa ga masu haɗi a gida. Matashin da ya ga irin waɗannan, hankalinsa na kan fiffike da farfela. Tiyon mai shi ne abu na ƙarshe da yake tunawa, alhali nan ajali ke ɓuya.

Fetur gauraye ne. A cikinsa akwai masu nauyi da sai zafi ya kai digiri 200 suke tafasa, akwai marasa nauyi da ke tashi tun kafin digiri 40. Matsi ne ke riƙe su a matsayin ruwa, in ya ragu sai su tafasa da wuri. Jirgi kuwa ta hanya biyu yake rage matsin. Yana hawa iska na sakwarkwacewa: a mita 3,000 kusan kashi 30 cikin ɗari na matsinta ya tafi. Sannan famfon da ke jikin inji zuƙo mai yake yi daga tanki, zuƙa kuma rage matsi ce. Kumfa ta taso a tiyo, ta isa famfo, famfo ya yi ta bugu a banza. Manomin rani a Jiratawa ya san wannan: injin ban ruwa in ya sha iska, ƙararsa na nan, amma bakin tiyo a bushe.

Ga abin da ya sa maganar ta fi shafarmu. Tsohuwar dokar ƙananan jirage ta Amurka ta ce a gwada hanyar mai da fetur ɗin da aka ɗumama zuwa digiri 43, wai shi ne yanayi mafi muni. A Maraɗi wannan azahar ce ta watan Afrilu. Jirgin da ya yini a rana a filin jirgi, tankinsa a cikin fiffike, mansa ya wuce haka tun ba a tayar da inji ba. Zanen da aka kwafo daga ƙasar sanyi bai san da mu ba.

Sai man kansa. Na jirgi, wanda ake kira 100LL, an ƙayyade ƙarfin tururinsa tsakanin kilofaskal 38 da 49. Na mota yakan zarce haka, in an gauraya shi da itanol ya ƙara. Mai haɗi a gida kuwa na mota zai saya, don shi ke kusa. In na gidan mai ne, irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa tun 2011, da sauƙi. Na kwalba a wajen ƴan ruwa-ruwa, ko da wasa. Ba wanda zai faɗa maka abin da ke ciki, kuma ƴar ƙurar da ya kwaso ita ce za ta cushe filta, famfo ya ƙara zuƙa, kumfa ta samu ƙofa.

Maganin ba tsada gare shi ba. Babban cikinsu shi ne a daina zuƙo mai, a riƙa turo shi: a sa famfon lantarki ƙasa da tanki, nesa da inji, a kunna shi wajen tashi da sauka. Tiyo ya zama gajere mai faɗi, ba lanƙwasa mai tsini, ba tudun da kumfa za ta maƙale, a nisanta shi da salansa, a sa masa rigar kare zafi. A kuma ja siririn tiyo daga kusa da kafireta ya mayar da ɗan mai tanki, yadda mai zafi ba zai tsaya wuri ɗaya ba. Kamfanin Rotax ya wajabta wannan a injinsa na 912. Ƙofar shaƙar iska ta tanki ma a duba ta kullum, don zanzaro ba ya raina rami.

Sa'ar da ta fi haɗari ba ta tsakiyar tafiya ba ce. Ita ce a sauka, a kashe inji na kwata guda, a sake tashi. Farfela ta tsaya, iska ta daina ratsawa, zafin inji ya dafa man da ke kwance a tiyo. Inji zai tashi da ɗan abin da ya rage a kafireta, ya yi gudu a kan titi, ya mutu daidai lokacin da jirgi ya wuce kan itatuwa. Don haka gwajin kirki a ƙasa ake yin sa, kuma ba da sanyin asuba ba. A bar jirgi a rana har azahar, a ɗaure wutsiyarsa, a ɗaga hancinsa kamar mai hawa, a ɗumama inji, a kashe, a jira, a sake tayarwa a buɗe masa wuta duka, ido na kan agogon matsin mai. In allura ta yi rawa, a kwance tiyo a sake lale.