Shukar Tsakar Gida da Lafiyar Kyanwa

A Garu, kamar sauran garuruwan bakin Kwara na yankin Malanbil, kyanwa ba kayan ado ba ce. Ita ce mai gadin rumbu da buhunan shinkafa, ranar da ta mutu kuwa ɓera ya samu gari. Abin takaici, sau da yawa mu ne ke shuka ajalinta da hannunmu.

Ga kariya mai jan fure, wadda ake sawa a tukunya don ƙawa. Ruwanta dafi ne mai taɓa zuciya, shi ya sa maharban da suke shafa shi a kibiya. Nonon tumfafiya ma haka yake. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu kuwa, kaɗan ya isa ya kwantar da ita.

Har albasar da yankinmu ya yi suna a kanta tana lalata jinin kyanwa, ɗanya ko dafaffiya. Saboda haka uwargida, kada a zuba mata sauran miya.

To me za a shuka? Ɗaɗɗoya ba ta da illa, ga ƙamshi. Tun da kyanwa na son tauna ciyawa, a watsa mata alkama a tsohon kwano, cikin kwana 10 ta toho. Amma ban da dawa, domin tohonta guba ne, kamar yadda makiyaya suka sani.

In an ga tana amai ko dalalar da miyau, a garzaya wurin likitan dabbobi tare da ganyen da ta ci. Rigakafi dai ya fi magani.