Kiwon ƙaguwa mai aron gida

Ƙaguwa mai aron gida ƙaramar dabba ce daga dangin ƙaguwa da jatan lande, wadda rabin jikinta na baya ba shi da ɓawo mai tauri. Saboda haka take shiga katantanwar da dodon koɗi ya mutu ya bari, ta riƙa yawo da ita duk inda ta nufa. Akwai nau'o'inta fiye da 800 a duniya, mafi yawansu a cikin teku suke rayuwa. Waɗanda ake kiwo a gida domin sha'awa su ne na tudu, 'yan rukunin da masana ke kira Coenobita, wanda nau'o'insa ba su kai 20 ba. Kiwonta ya fi yaɗuwa a Amurka, Ostireliya, Japan da wasu ƙasashen Turai.

A Turanci ana kiranta hermit crab, wato ƙaguwa mai zaman kaɗaici, amma sunan bai dace da halinta ba, domin a daji tana zama ne cikin taro mai yawa. Sunan kimiyya ya fi kusa da gaskiya: masanin dabbobi ɗan Faransa Pierre André Latreille ne ya raɗa wa rukunin suna Coenobita a 1829, daga kalmar Girkanci mai nufin zaman tare.

Nau'o'in da ake kiwo

Wadda aka fi sayarwa a Amurka ita ce Coenobita clypeatus, 'yar yankin Karibiyan, da ake samu daga kudancin Fulorida har zuwa gaɓar Benezuwela. Ana gane ta da babban hannunta mai launin shunayya, kuma ta fi sauran jure kuskuren mai kiwo. Sai Coenobita compressus ta gaɓar tekun Pasifik, daga Meziko zuwa Peru, ƙarama mai saurin tafiya. Coenobita perlatus ja ce mai ɗigon fari, daga tsibiran tekun Indiya da Pasifik. Ta fi tsada, ta kuma fi saurin mutuwa idan zafi ko ruwan gishiri ya gaza. A Ostireliya 'yar ƙasar ake sayarwa, Coenobita variabilis. Afirka ma tana da nata: Coenobita rubescens a tsibiran mashigin tekun Gini kamar Sao Tome, da Coenobita scaevola a gaɓar Bahar Maliya, sai dai ba kasafai ake ganinsu a kasuwar dabbobin gida ba.

Yanayin jikinta

Tana da ƙafafu goma. Biyun farko hannaye ne masu kama da awartaki, na hagu ya fi girma, kuma da shi take toshe bakin katantanwa idan ta shige ciki. Huɗu na tafiya ne. Sauran huɗun ƙanana ne, a ɓoye suke, aikinsu riƙe katantanwa da share cikinta. Cikinta mai laushi a murɗe yake daidai da murɗin katantanwa, shi ya sa fizgo ta da ƙarfi kan tsinka jikinta.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai kiwo shi ne yadda take numfashi. Ba ta da huhu irin na dabbobin tudu. Gaɓoɓin numfashinta dangin na kifi ne da suka sauya don su shaƙi iska, kuma ba sa aiki sai suna jiƙe. Don haka take ajiye ɗan ruwa a cikin katantanwarta. Busasshiyar iska irin ta hunturu, ko ta ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki, tana lalata waɗannan gaɓoɓi sannu a hankali, har dabbar ta mutu bayan makonni ko watanni ba tare da wata alamar ciwo da ido zai gani ba. Duk da haka, ba za ta iya zama a ƙarƙashin ruwa na dogon lokaci ba. Idan ta faɗa mazubin da ba ta iya fita, nitsewa take yi.

Daga bakin teku zuwa shago

Kusan duk ƙaguwa mai aron gida da ake sayarwa daga daji aka kamo ta. Dalilin yana cikin yadda take haihuwa. Macen takan ɗauki dubban ƙwai a jikinta, sannan ta gangara bakin teku ta sake su. 'Ya'yan kan yi makonni suna iyo a ruwan gishiri, suna sauya siffa mataki bayan mataki, kafin su sami 'yar mitsitsiyar katantanwa su fito tudu. Kwaikwayon wannan a cikin gida yana da wuya ƙwarai. Mutane ƙalilan ne suka yi nasara, cikinsu har da marubuciyar Amurka Mary Akers, wadda ta reni 'ya'ya fiye da 200 har suka fito tudu a 2018.

A garuruwan shaƙatawa na gabashin Amurka, shagunan tsaraba kan sayar da su cikin ƙaramin keji na waya ko akwatin roba, da katantanwa mai fenti, ana cewa dabba ce mai sauƙin kula da ta dace da yara. Garin Ocean City na jihar New Jersey har gasar kyau yake shirya musu duk shekara. Irin wannan keji ba ya riƙe laima ko ɗumi, kuma ba shi da ƙasar da za ta binne kanta. Shi ya sa da yawa ke mutuwa cikin 'yan watanni, har mutane suka ɗauka gajeren rai gare ta. Ba haka ba ne: wadda aka kula da ita takan wuce shekara 20, kuma wata da aka saya a 1976, mai suna Jonathan Livingston Crab, ta rayu a hannun mai ita har 2021.

Wurin zama

Masu kiwo na amfani da tankin gilashi mai murfi da ke rufuwa sosai. Abin da aka saba ba da shawara shi ne lita 38 ga kowace ƙarama guda, a ƙara idan sun girma, kuma kada a ajiye guda ɗaya ita kaɗai. Ana son zafin ciki ya tsaya tsakanin digiri 24 da 29 a ma'aunin Salshiyas, laimar iska kuma kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, a riƙa duba duka biyun da ma'auni. Idan ana buƙatar abin ɗumamawa, a bayan tankin ake manna shi, sama da ƙasar. Wanda aka sa a ƙarƙashi yana busar da yashi, yana kuma iya gasa wadda ta binne kanta.

Ƙasar cikin tanki yawanci haɗin yashi mai tsabta ne da niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, kamar awo biyar na yashi ga awo ɗaya na zaren. Ana jiƙa ta har ta kai idan an dunƙula ba ta wargajewa, amma ba ta ɗigar da ruwa. Zurfinta bai kamata ya gaza santimita 15 ba, ko ninki uku na tsayin babbar ƙaguwar da ke ciki. Suna son hawa, don haka ake sa musu rassan itace da wuraren ɓuya. Da dare suke harkarsu, da rana kuwa sau da yawa tankin kan zama kamar ba kowa.

Ruwa da abinci

Mazubin ruwa biyu ake ajiye musu, ɗaya na ruwan daɗi, ɗaya na ruwan gishiri, kowanne da zurfin da za su shige gaba ɗaya da kuma matakalar fita. Da waɗannan biyun take daidaita gishirin ruwan da ke cikin katantanwarta. Ruwan famfo sai an cire masa sinadarin kulorin. Ruwan gishirin kuma da gishirin tankin kifin teku ake haɗa shi, kimanin giram 35 a lita ɗaya; gishirin girki ba ya maye gurbinsa, domin ba shi da sauran ma'adinan ruwan teku.

A daji tana cin kusan duk abin da ta tsinta: 'ya'yan itacen da suka faɗo, busassun ganye, mushen kifi, har da kashin dabbobi. A gida ana ba ta mangwaro, gwanda, kwakwa, ayaba, karas, dafaffen ƙwai, kifi da jatan lande marasa gishiri ko yaji, da ɓawon ƙwai ko na kawa domin sinadarin kalsiyam. Binciken Robert Thacker na 1996 ya nuna cewa Coenobita compressus takan guji abincin da ta ci kwanan nan ta nemi wani daban, don haka sauya abinci yana da tushe a ɗabi'arta. Maganin ƙwari na kashe ta da sauri, saboda kusancin jikinta da na ƙwari, kuma wannan ya haɗa da feshin sauro a ɗakin da tankin yake.

Katantanwa

Ƙaguwar tana girma, katantanwar ba ta girma, saboda haka neman gida ba ya ƙarewa. Kafin ta sauya, takan juya sabuwar, ta zura hannayenta ciki ta auna, sannan cikin ƙiftawar ido ta fita daga tsohuwar ta faɗa sabuwar. Ana ajiye wa kowace guda katantanwa uku zuwa biyar da suka ɗan fi tata girma. Siffar baki ma tana da tasiri: 'yar Karibiyan ta fi son mai zagayayyen baki, Coenobita compressus kuma mai ɗan tsawo. Fenti kan ɓare dabbar ta ci, shi ya sa gogaggun masu kiwo ba sa amfani da mai fenti. Idan gidaje suka yi ƙaranci, babbar kan kama ƙarama ta yi ta girgiza ta har ta fice.

A daji an ga wani tsari mai ban sha'awa. Randi Rotjan da abokan aikinta sun bayyana shi a 2010 daga wani ƙaramin tsibiri na ƙasar Belize: idan aka sami katantanwar da ta yi wa mai nema girma, sai ta tsaya a gefe tana jira, wasu su zo su jeru daga babba zuwa ƙarama. Da zarar wadda gidan ya dace da ita ta shiga, ta biye mata ta karɓi wanda ta bari, haka har ƙarshen layi, duka cikin ɗan lokaci. Mark Laidre kuma ya nuna a Kosta Rika cewa Coenobita compressus takan ƙwaƙule cikin katantanwa ta rage mata nauyi, kuma irin wannan gyararren gida yakan yi ta wucewa daga wata zuwa wata.

Saɓa

A nan ne sababbin masu kiwo suka fi yin ɓarna. Ƙaguwa ba ta girma sai ta yi saɓa, wato ta tuɓe tsohon ɓawon jikinta. Idan lokaci ya matso takan ci da yawa, ta yawaita shiga ruwa, launinta ya dusashe, sannan ta haƙa rami ta shige. Ƙarama kan yi 'yan makonni a ƙasa sau da dama a shekara, babba kan yi wata biyu ko fiye, kamar sau ɗaya a shekara ko shekara ɗaya da rabi. A cikin ramin take cinye tsohon ɓawon don ta mayar da kalsiyam, kuma a lokacin ne ƙafar da ta guntule ke sake tohowa.

Mai kiwon da ya ga shiru ya tona ƙasa yana iya rusa ramin, ya bar ta da jiki taushi a gaban 'yan uwanta, waɗanda kan cinye ta. Wasu kuma kan ga ɓawon da aka tuɓe a bakin katantanwa su zaci gawa ce, su zubar da dabbar da ranta. Wadda ta mutu da gaske tana warin ruɓaɓɓen kifi. Yawan ɗaukarta a hannu ma yana takura ta, kuma tana iya matse fata da ƙarfi. Dabba ce ta kallo.

Muhawara da doka

Ƙungiyoyin kare dabbobi na sukar wannan ciniki saboda kamun daji da yawan mutuwa a hanya da cikin shaguna. Binciken Robert Elwood da Mirjam Appel na Jami'ar Queen's da ke Belfast, a 2009, kan wani nau'i na teku, ya ba da hujjar cewa wannan dabba tana jin zafi kuma tana tuna shi. Dokar Birtaniya ta 2022 kan jin daɗin dabbobi ta sanya ƙaguwa da danginta cikin halittu masu ji.

A daji kuma, kwashe katantanwa don sayarwa na rage musu gidaje, ga sharar roba. Binciken da Jennifer Lavers ta jagoranta a 2019 ya ƙiyasta cewa kimanin 570,000 sun mutu a cikin gorunan roba a tsibiran Cocos da Henderson. Wadda ta faɗa gora ba ta iya fita, warin gawarta kuma yana jawo wasu masu neman gidan da ta bari, su ma su maƙale. Wani nazari na masana daga Poland a 2024 ya gano cewa nau'i 10 cikin 16 na tudu sun fara shiga murafan roba da makamantansu a madadin katantanwa.

Japan ta sanya nau'o'in Coenobita na ƙasarta cikin halittun da doka ta kare tun 1970, inda 'yan kasuwa masu lasisi a Okinawa kaɗai ke da izinin kama adadi ƙayyadadde. A watan Mayu na 2025, 'yan sanda a tsibirin Amami sun kama mutum uku da kimanin kilo 160 na waɗannan ƙaguwoyi cushe a cikin akwatunan tafiya.