Bibiyar Lafiyar Ruwa a Kwarin Tarka da Maggiya

Gundumomin Madawa, Buza da Keita, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, ba su da kogin da yake gudana shekara cur, domin Maggiya da Tarka da koramun da suke gangarowa daga duwatsun Adar da damina kaɗai suke kawo ruwa, su ƙafe da rani. Saboda haka rayuwar mutane da dabbobi da noman albasa ta dogara ne ga ruwan da yake kwance a ƙarƙashin fadamu, wanda a wurare da dama taƙaitaccen haƙa yake isa a cim masa, kuma wannan kusancin nasa ne yake sa ya saurin gurɓata.

Awon ruwa sau ɗaya, kamar wanda ake yi ranar ƙaddamar da sabuwar rijiya, ba ya faɗin komai game da abin da zai biyo baya. Abin da masana suke kira bibiya shi ne a riƙa komawa wuri guda, a lokuta sanannu na shekara, ana auna abubuwa iri ɗaya, ana rubutawa, har a tara bayanan shekaru da za a iya kwatantawa. Ana amfani da siririyar rijiya da ba a ɗiban ruwa a cikinta, wadda ake kira fiyezomita, inda ma'aikaci yake zura igiyar awo mai ƙara da zarar bakinta ya taɓa ruwa, ya rubuta zurfin, kafin damina da bayanta. Sannan ana ɗibar ruwa a kwalba mai tsabta, a saka cikin sanyi, a kai ɗakin gwaji don a duba ƙwayoyin cuta da yawan gishiri, wato abin da manoma suke ganewa idan ruwa ya zama zartsi ko ƙasa ta yi farin ɓawo a bakin kwami.

Akwai kuma sinadarai masu haɗari da ba su da launi ko ɗanɗano. Nitrat, wanda yake tsatsowa daga takin zamani da masai da kashin dabbobi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 50 a lita, kuma kwarin da ake zuba wa albasa taki kowane rani, ga injunan ban-ruwa suna zuƙa ba dare ba rana, ya fi ko'ina bukatar a sa masa ido. Fuliyo kuwa daga duwatsun ƙasa yake fitowa, iyakarsa miligiram 1.5 a lita, kuma abin da ya faru a Tibiri ta jihar Maraɗi, inda yara masu yawa suka sami lalacewar haƙora da lanƙwashewar ƙasusuwa bayan shekaru suna shan ruwan wata rijiya mai zurfi, ya nuna cewa ruwa garau ba shi ne ruwa lafiyayye ba.

Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya gina madatsu da shingayen duwatsu don ruwan sama ya tsaya ya nutse, amma tabbatar da amfanin irin wannan aiki sai da awo mai ɗorewa, kuma a nan ne rauni yake, tunda sau da yawa awon yakan tsaya ranar da kuɗin masu tallafi suka ƙare. Lamarin ma ya wuce iyakar Nijar, domin Maggiya tana bi ta Ƙonni ta zuba a tabkin Kalmalo na Najeriya, kuma tana cikin ruwayen da ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar rabonsu a Maiduguri a 1990, yarjejeniyar da aiwatar da ita yake bukatar kowane ɓangare ya riƙa tattara alƙaluman awonsa yana miƙa wa ɗayan.