Jirgi Maras Matuƙi: Sunan Nan Ya Dace Kuwa?

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin ma'aikatan jarida da masu fassara labaru a gidajen rediyo, game da sunan da ya kamata a ba jiragen yaƙin nan da ke tashi ba kowa a cikinsu. Mai karatu ya iya cewa ai wannan surutun 'yan boko ne kurum. To, a bi mu sannu a gani.

Sunan da ya fi bazuwa shi ne "jirgi maras matuƙi". Waɗansu su kan ce "jirgi mai sarrafa kansa", waɗansu kuwa "kurman jirgi". Turawa su ma ba su daidaita ba. Kalmar da talakawansu su ke faɗi, watau diron, asalinta sunan namijin zuma ne, an kuma ce ta samo tushe daga wani jirgin Ingila na 1935 da a ke kira Sarauniyar Zuma, wanda soja su ke koyon harbi da shi. Mayaƙan sama na Amurka ba su son kalmar. Su sai su ce "jirgin da a ke tuƙawa daga nesa".

A ganinmu a nan sun fi mu gaskiya, domin matuƙi yana nan daram. Jirgin Amurka mai suna Reaper mutum biyu ke aiki da shi, ɗaya na tuƙi, ɗaya na lura da na'urar hangen ƙasa. Sau da yawa suna zaune ne a ɗaki a jihar Nebada, umurninsu na bi ta tauraron ɗan Adam. Irinsa ne ya riƙa tashi daga sansanin Amurka na Agadas tun 2019, kafin sojanta su fice daga Nijar a 2024. Idan muka rubuta cewa jirgi yana sarrafa kansa, mun faɗa wa jama'a abin da ba haka ya ke ba.

Abin ya wuce batun nahawu. Ran 3 ga Disamba 2023 irin wannan makami ne ya saki bom a kan masu Maulidi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85. Rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa jirginta ne, kuskure aka yi. Mutumin ƙauye da ya ji a rediyo "jirgi maras matuƙi ya kashe mutane", wa zai tuhuma? Sai ya ɗauka ƙarfe ne ya haukace. Alhali kuwa mutum ne ya duba, ya yanke shawara, ya danna. A 2024 hedkwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja. Ba a ce za a gurfanar da jirgin ba.

Masu kare tsohon sunan suna da tasu hujja: kunne ya riga ya saba, sa'an nan "jirgin da a ke tuƙawa daga nesa" ya yi tsawo, ba ya shiga kanun labari. Wannan gaskiya ne, duk wanda ya taɓa tsara shafi ya sani. Amma abin da kanu ya gaza ɗauka, layin farko ya ɗauka: a faɗi rundunar da ta aiko jirgin.

Sojanmu dai ba su sha wannan wahala ba wajen raɗa wa nasu suna. Jirgin leƙen asirin da suka ƙera aka nuna a Kaduna a 2013 Gulma suka sa masa, na 2018 kuwa Tsaigumi.