Ko maganin rage kitsen jini na taimakon mai gazawar zuciya?

Magungunan statin, irin su atorvastatin da rosuvastatin, a hanta suke aiki. Suna rage kolestarol ɗin da take haɗawa, wato kitsen nan da ke taruwa a bangon jijiya har ya toshe ta. Wajen rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amfaninsu ba abin musu ba ne.

Gazawar zuciya kuwa daban take. Zuciyar ce ta gaza harba jini yadda ya kamata: ƙafafu su kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya yi wuya, barci sai an tara matasan kai.

Ƙananan gwaje-gwaje sun nuna kamar statin na ɗan ƙara wa irin wannan zuciya ƙarfi, likitoci suka sa rai. Sai ga wani bincike mai suna CORONA a 2007, da ya gwada statin kan masu gazawar zuciya, mutum 5,011. Kolestarol ya sauka sosai, kwanciya asibiti ta ɗan ragu, amma mace-mace ba su ragu ba. Binciken GISSI-HF na Italiya a 2008 ma bai ga raguwar mutuwa ba.

Shi ya sa ba a ɗora mutum kan statin don gazawar zuciya kaɗai. Wanda ke sha saboda toshewar jijiyar zuciya kuwa, galibi likita kan bar shi a kai, kada ya ajiye da kansa.