Karura, Dajin da Mutanen Nairobi Suka Ƙwato

Akwai lokacin da mutumin Nairobi ba ya dosar dajin Karura sai dole, domin maɓoyar 'yan fashi ce. Tun 1932 aka keɓe wannan daji mai faɗin hekta kusan 1,000 a arewacin birnin, amma a shekarun 1990 masu uwa a gindin murhu suka shiga yanka filayensa a asirce, ana raba wa kamfanonin gine-gine.

Wangari Maathai, 'yar fafutukar kare muhalli, ita ce ta taka musu birki. A watan Janairun 1999 ta je dashen itatuwa a bakin dajin, 'yan daban da aka ɗauko haya suka far wa tawagarta, har aka fasa mata kai. Ɗalibai suka cika tituna da zanga-zanga, daga bisani aikin ginin ya tsaya.

Gini ya tsaya, tsoro bai tafi ba. Sai a 2009 mazauna unguwannin kewaye suka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest, suka haɗa hannu da hukumar kula da gandun daji ta Kenya, bisa dokar 2005 da ta ba jama'a damar shiga harkar. Aka zagaye dajin da shingen lantarki, aka buɗe ƙofofi, aka sa kuɗin shiga. Abin mamaki, shingen nan ne ya jawo mutane ciki: masu sassarfa, masu keke, 'yan makaranta, iyalai masu zuwa kallon gangaren ruwa da kogunan dutse.

Inda dabarar ta fi burgewa shi ne wajen ɗaukar ma'aikata. Matasan Huruma, unguwar talakawa da ke manne da dajin, su aka ɗauka aikin sintiri da gyaran hanyoyi da renon dashe. Wanda tuwonsa ke fitowa daga daji ba ya zuba ido a sare shi. Su ne kuma ke taya maye gurbin itatuwan turare da aka shigo da su da na asalin ƙasar.

Dokokin ba su da sassauci: ba a shiga da gorar roba ta yarwa, ba a kunna wuta inda aka ga dama. Saura batun kuɗin ƙofa. Da shi ake biyan masu gadi, amma ga leburan da ke neman na yau, ko kaɗan ne yana da nauyi, shi ya sa masu hali suka fi yawa a kan hanyoyin dajin.