Tsufan Kyamarar Fim da Kayan Lantarkinta

'Yan'uwana ɗalibai, sau da yawa nakan ji ana tambaya, don me wata tsohuwar kyamarar fim ke aiki sumul, wata kuwa da aka ƙera bayanta ta mutu murus? Amsar tana ga abin da ke cikin kowacensu.

Kyamara iri biyu ce. Akwai wadda sifirin da ƙananan ƙarafa ke buɗe ƙyauren da haske ke shiga, kamar aikin agogo. Pentax K1000 ta 1976 haka take, batirinta na ma'aunin haske ne kaɗai. Akwai kuma wadda lantarki ke tafiyar da ƙyauren, kamar Canon AE-1, ita ma ta 1976. Wannan, in babu wuta, ko hoto ɗaya ba ta ɗauka.

To, shekaru suna cin kayan lantarki ta hanyoyi dabam dabam. Da fari, batirin da aka manta a ciki yakan yi yoyo, ya cinye ƙarfen da ke taɓa shi, har ya bi waya. Na biyu, akwai ɗan ma'ajin wuta da ake kira kafasita, mai ruwa a cikinsa. In ruwan ya bushe sai ƙyauren ya ƙi motsi. An san Minolta X-700 ta 1981 da wannan ciwo. Na uku, ma'aunin haske na seleniyam, irin na Olympus Trip 35, ƙarfinsa yakan ragu in ya daɗe cikin haske da danshi.

Sa'an nan ga zancen batir. Kyamarori da yawa an yi su ne don batirin zaiba mai bolt 1.35, wanda Amurka ta hana sayarwa a 1996 saboda gubarsa. In an sa musu mai bolt 1.5, ma'aunin yakan yi ƙarya, hoto ya ɓaci.

Ƙarfe in ya cije, gwanin gyara ya wanke shi ya sa mai, ya tashi. Kafasita ma ana musanyawa. Amma ƙwaƙwalwar lantarki in ta mutu, an daina ƙera irinta, sai fa a ciro daga wata matacciyar.

Saboda haka shawarata ita ce, kafin ku ba da kuɗinku, ku buɗe gidan batir ku duba ko da tsatsa, ku kuma gwada ƙyauren. In za ku ajiye ta kuwa, ku cire batir, ku nema mata wuri busasshe, tun ba da damina ba.